Yadda Manhaja Ke Haɗuwa da Sabar Imel Don Aika Saƙo

Manhajar da ke tura wa mutane lambar tabbatarwa, ko rasit na biyan kuɗi, ko hanyar sauya kalmar sirri ta imel, yawanci tana bin wata tsohuwar ƙa'ida ce mai suna SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a shekarar 1982 cikin takardar RFC 821, aka kuma sabunta ta a 2008 da RFC 5321. Manhajar ba ita ke kai saƙo har akwatin mai karɓa ba. Aikinta shi ne ta miƙa saƙon ga saba, wato kwamfutar da ke karɓa da isar da imel, wadda ta san ta, ta kuma yarda da ita, sannan ita sabar ta duba bayanan MX na domen ɗin mai karɓa (sashen adireshi da ke bayan alamar @) a cikin DNS, kundin adiresoshin intanet, ta gano sabar da ke karɓar imel a can, ta isar. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya rage wa kansa rabin wahala, domin yawancin matsalolin da ake fuskanta suna tasowa ne daga rashin sanin inda aikin manhaja ya tsaya da inda na saba ya fara.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya, sai a karɓi abubuwa huɗu daga kamfanin da ke riƙe da imel ɗin: sunan sabar, lambar ƙofar (port) da za a shiga, sunan mai asusu, da kalmar sirri ko abin da ke tsaye a madadinta. Sabar Gmail ita ce smtp.gmail.com, ta Microsoft 365 kuma smtp.office365.com, wanda kuwa imel ɗinsa ke wurin kamfanin da ya ajiye masa shafin intanet, zai tarar da sunan a allon kula da asusunsa.

Batun ƙofa ne ya fi rikita masu farawa. Ƙofa ta 25 ita ce ta asali, amma a yau an bar ta ga sabobi su riƙa miƙa wa juna saƙo, kuma kamfanonin samar da intanet da yawa sun toshe ta don hana masu watsa saƙonnin shara. Google Cloud ba ya barin a fita ta cikinta, Amazon ma yana taƙaita ta a kan kwamfutocinsa na haya, EC2, sai an nemi a buɗe. Saboda haka manhaja ba ta da wani aiki da ita. Ƙofofin da suka rage su ne 587 da 465, bambancinsu kuma yana wajen lokacin da ake rufe layin da TLS, wato a sirranta abin da ke wucewa ta cikinsa yadda na tsakani ba zai iya karantawa ba. A ƙofa ta 587, wadda aka ware don miƙa saƙo tun 1998, ana fara magana a fili, daga baya manhaja ta aika umarnin STARTTLS, sai a rufe layin kafin a ambaci kalmar sirri. A ƙofa ta 465 kuwa, tun daga matakin farko layin a rufe yake; an daɗe ana ɗaukar ta a matsayin wadda aka daina amfani da ita, har RFC 8314 ta dawo da ita a 2018 ta kuma fifita ta. Dukkansu suna aiki, abin da ba ya aiki shi ne a cakuɗa su. Idan manhaja ta shiga 465 tana jiran gaisuwa a fili, za ta zauna shiru har wa'adin jira ya ƙare, domin sabar ma jiran ta take yi ta fara musayar TLS. Idan kuma ta shiga 587 da TLS kai tsaye, sai ta samu kuskuren da ke cewa lambar sigar ba daidai ba ce. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi biyu, ya fara duba ƙofar kafin ya zargi kalmar sirri.

Abin da ke gudana bayan haɗuwa hira ce ta rubutu zalla, layi bayan layi, kuma kowace amsar saba tana farawa da lamba mai alƙaluma uku. Saba ce ke fara gaisuwa da 220. Manhaja ta gabatar da kanta da EHLO, sabar ta amsa da 250 tare da jerin abubuwan da take iyawa, ciki har da STARTTLS da iyakar girman saƙo. Bayan an rufe layin sai a sake EHLO, domin duk abin da aka faɗa a fili ba a ƙara dogara da shi, sannan a aika AUTH, idan an dace a samu 235. Daga nan sai MAIL FROM don bayyana mai aikawa, RCPT TO sau ɗaya ga kowane mai karɓa, sai DATA wanda ake amsawa da 354, a zuba saƙon gaba ɗaya, a rufe shi da layin da ba ya ɗauke da komai sai ɗigo guda. Sabar ta ce 250, manhaja ta ce QUIT, a rabu da 221. Ana iya kallon farkon wannan hira da ido ta hanyar umarnin openssl s_client -starttls smtp -connect smtp.gmail.com:587, kuma a ganina ya dace kowa ya yi hakan sau ɗaya kafin ya miƙa aikin ga laburare, wato shiryayyen kod da ke yin hirar a madadinsa, domin wanda ya taɓa ganin hirar ba ya ruɗewa idan ta katse.

Ga yadda wannan ke kasancewa a harshen kwamfuta na Python, wanda ke zuwa da laburaren smtplib ba tare da an saka komai ba:

```
import os, smtplib, ssl
from email.message import EmailMessage
from email.utils import formatdate, make_msgid

sako = EmailMessage()
sako["From"] = "Shagon Littattafai <sanarwa@example.com>"
sako["To"] = "abokinciniki@example.org"
sako["Subject"] = "An karɓi kuɗin odarka"
sako["Date"] = formatdate(localtime=True)
sako["Message-ID"] = make_msgid(domain="example.com")
sako.set_content("Mun gode ƙwarai. Za a tura kayan gobe, in Allah ya yarda.")

with smtplib.SMTP("smtp.example.com", 587, timeout=30) as saba:
    saba.starttls(context=ssl.create_default_context())
    saba.login(os.environ["SMTP_USER"], os.environ["SMTP_PASS"])
    saba.send_message(sako)
```

Akwai wurare uku a nan da ba a saka su don ado ba. Wa'adin daƙiƙa 30 yana hana manhaja maƙalewa idan layin intanet ya mutu a tsakiyar hira. Aikin ssl.create_default_context kuwa shi ne tilasta wa manhaja ta binciki takardar shaidar sabar, ta tabbatar sunan da ke jiki ya yi daidai da wanda aka kira. Idan ba a yi wannan bincike ba, layin zai rufu, amma ba a san da wa ake magana ba. Sau da yawa idan binciken ya gaza sai a ga an ba da shawarar a kashe shi, wannan kuwa ganganci ne, domin dalilin gazawar na iya zama agogon kwamfuta da ya kauce ne kawai, ko an rubuta lambar IP a wurin sunan saba. Na uku shi ne kalmar sirri da ake ɗauko wa daga muhallin na'ura maimakon a rubuta ta cikin kod, saboda kod yana yawo, yana shiga GitHub, dandalin ajiye kod, kuma akwai manhajojin da aikinsu kawai shi ne tsintar irin waɗannan kalmomi. Mai son ƙofa ta 465 sai ya yi amfani da smtplib.SMTP_SSL ya cire layin starttls. Masu PHP suna da PHPMailer, masu Node.js suna da Nodemailer, matakan duk iri ɗaya ne, sai dai a Nodemailer a kunna requireTLS idan ana amfani da 587, don kada ta ci gaba a fili idan sabar ba ta ambaci STARTTLS ba. Dalilin tsanantawa a nan shi ne hanyoyin AUTH PLAIN da AUTH LOGIN ba sa ɓoye kalmar sirri, suna mayar da ita base64 ne kawai, tsarin juya bayanai zuwa haruffa da alƙaluma wanda kowa ke iya warwarewa cikin daƙiƙa ɗaya.

Kalmar sirrin da mutum ke shiga Gmail da ita ba za ta yi aiki a nan ba. Tun ƙarshen watan Mayu na 2022 Google ya daina karɓar ta daga manhajoji a asusun ɗaiɗaikun mutane, don haka sai a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a ƙirƙiri kalmar sirri ta manhaja mai haruffa 16, a ba wa manhajar ita kaɗai, yadda za a iya soke ta ba tare da taɓa asusun ba. Hanya ta biyu ita ce OAuth 2.0, inda manhaja ke karɓar shaidar shiga ta ɗan lokaci tana sabunta ta, kuma wannan hanyar ce Microsoft ke karkata masu amfani da shi zuwa gare ta. A kuma lura cewa Gmail yakan sauya adireshin da aka rubuta a From ya mayar da shi na mai asusun, muddin ba a riga an tabbatar da adireshin a cikin saitin asusun ba.

Mai aika saƙo da Hausa yana da wani abin lura na musamman. An gina SMTP ne a kan haruffan ASCII, wato na Turanci zalla, waɗanda ba su ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, don haka dole a bayyana cewa jikin saƙon UTF-8 ne, tsarin da ke ɗauke da waɗannan haruffa, ta hanyar kanun MIME masu bayyana nau'in saƙo, taken saƙon da sunan mai aikawa kuma a juya su bisa tsarin RFC 2047. EmailMessage yana yin duk wannan da kansa. Wanda ya haɗa saƙonsa da hannu ta hanyar jona layuka, shi ne ke tarar da takensa ya isa cike da alamun tambaya. Haɗa saƙo da hannu yana da wani haɗarin da ya fi wannan: idan ana ɗauko take ko adireshi daga fom ɗin da baƙo ya cike, mai mugun nufi zai iya cusa alamar sabon layi ya ƙara nasa Bcc, wato ɓoyayyun masu karɓa, ya mayar da manhajar injin watsa shara. Laburare mai kyau yana ƙin karɓar irin wannan rubutu. Ga mai liƙa fayil kuma, base64 yana ƙara girmansa da kusan kashi ɗaya bisa uku, sai a yi lissafi da hakan tunda Gmail ya tsayar da iyakar abin liƙawa a megabait 25.

Idan hira ta lalace, alƙalami na farko na amsar shi ke faɗa wa manhaja abin yi. Amsar da ta fara da 4, kamar 421 ko 450 ko 451, na nufin matsalar ta ɗan lokaci ce, a sake gwadawa. Wadda ta fara da 5 hukunci ne: 535 an ƙi kalmar sirri, 550 yawanci babu akwatin ko an ƙi saƙon, 552 ya wuce girma. Maimaita saƙon da aka ƙi da 550 ba ya haifar da komai sai ɓata sunan mai aikawa a idon sabar. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne kada manhaja ta aika imel a daidai lokacin da mai amfani ke jiran shafi ya buɗe. Ta ajiye saƙon a layin jira, wani aiki na daban ya ɗauka ya aika, idan ya samu amsa mai 4 ya jira, yana ƙara tsawon jiran a kowane karo. A nan akwai wani tarko ɗan ƙarami: idan layi ya yanke bayan an aika ɗigon ƙarshe amma kafin 250 ta iso, mai yiwuwa sabar ta riga ta karɓa, sake aikawa kuma zai sa saƙon ya isa sau biyu. Haka nan send_message ba ya ɗaga kuskure idan an karɓi wasu masu karɓa an ƙi wasu, yana dawo da jerin waɗanda aka ƙi ne kawai, dole a duba shi. Umarnin set_debuglevel(1) yana buga hirar gaba ɗaya, amma har da layin AUTH, don haka a kashe shi da zarar an gama bincike.

Samun 250 ba yana nufin saƙo ya isa ba, yana nufin sabar ta ɗauki alhakinsa ne. Ko zai sauka a akwatin shiga ko a na shara, wannan ya dogara ne ga bayanai uku da ake sakawa a DNS na domen ɗin mai aikawa. SPF yana lissafa sabobin da aka yarda su aika da sunan domen, kuma ba a yarda domen ya riƙe bayanin SPF fiye da ɗaya ba, ko binciken DNS da ke cikinsa ya wuce 10. DKIM sa hannu ne na lissafi da saba ke yi wa kowane saƙo, mai karɓa ya tantance da mabuɗin da aka wallafa a DNS. DMARC kuma yana buƙatar domen ɗin da ke From ya yi daidai da wanda SPF ko DKIM ya tabbatar, yana kuma faɗin abin da za a yi da saƙon da ya gaza. Tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara: a wurin Gmail kowane mai aikawa sai ya kasance da SPF ko DKIM, wanda kuma ke aika saƙo 5,000 ko fiye a rana sai ya haɗa ukun, ya saka hanyar fita daga jerin talla da dannawa ɗaya, kuma kada ƙorafin shara a kansa ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Wannan ne ya sa fom ɗin tuntuɓa da ke saka adireshin baƙo a From ke faɗuwa; wurin adireshin baƙo shi ne Reply-To, From kuwa ya zauna na domen ɗin mai shafin.

Asusun Gmail na kyauta yana tsayawa a kusan saƙo 500 a rana, na Google Workspace kuma 2,000, wanda ya isa gwaji da ƙaramin aiki. Manhajar da jama'a za su dogara da ita gara ta koma ga kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Amazon SES, Mailgun, SendGrid ko Postmark, waɗanda ke ba da sunan saba da ƙofa ta 587 kamar yadda aka bayyana, ta yadda sunan saba da bayanan shiga kawai za a sauya a kod ɗin. Suna kuma sanar da manhaja adireshin da saƙonsa ya dawo, domin a cire shi daga jerin. A lokacin gini kuwa, kada a yi gwaji da adiresoshin mutane na gaske: Mailpit saba ce ta gwaji da ake kunnawa a kwamfutar mai aiki, tana karɓar saƙo a ƙofa ta 1025, ta nuna shi a burauza ta ƙofa ta 8025 ba tare da ya fita ko'ina ba, a can ne za a duba kanun saƙon a tabbatar haruffa masu lanƙwasa sun fito daidai kafin a juya manhajar zuwa sabar gaske.