Darasi na 7: Idan Allurar Zafin Inji Ba Ta Faɗin Gaskiya

A gaban direba akwai mita mai harafi biyu: C na nufin sanyi, H na nufin zafi. Injin mota mai lafiya yana aiki a zafin digiri 90 zuwa 105, allura kuma tana zama a tsakiya. Labarin zafin yana zuwa mata ne daga sensa, wani ɗan ƙarfe da aka ɗaure a jikin inji, bakinsa yana cikin ruwan da ke sanyaya inji.

Idan allura ta hau H, ka tsaya ka kashe mota. Kada ka ce mita ce ta lalace ka ci gaba da tafiya, da haka ake ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto da zafi, domin tafasasshen ruwa zai watso maka a fuska. Jira inji ya huce.

Fara duba ruwa. Idan ya yi ƙasa, ko iska ta shiga tiyo, bakin sensa ba zai taɓa ruwa ba, sai allura ta riƙa hawa da sauka. Cika ruwan, ka nemi inda yake yoyo.

Ruwa ya cika amma allura ba ta motsi? Duba fiyus, sannan wayar da ke kan sensa. Tsatsa ko sakin waya sun isa su rikita mita. A tsofaffin motoci masu sensa mai waya ɗaya, gwajin ba wuya: zare wayar, a murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ka taɓa ta a ƙarfen inji na ɗan lokaci kaɗan. In allura ta tashi zuwa H, mita da waya lafiyarsu lau, sensa ne ya mutu. In ba ta motsa ba, sai a kai wa mai wayarin. Kada a yi wannan gwaji a sensa mai waya biyu da ke haɗe da kwamfutar mota.

Wani lokaci allura tana kwance a C, kuma gaskiya take faɗa. Bakanikai da yawa a ƙasar nan suna cire tamostat, wato abin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi, wai don ƙasarmu da zafi. Wannan kuskure ne. Inji ba ya saurin kai zafin da ya kamata, musamman da sanyin hunturu, yana shan mai, yana kuma saurin cinyewa. Tambayi bakanikenka ko tamostat ɗinka yana nan, in babu a mayar.

Aiki: gobe da safe ka tayar da mota, ka rubuta minti nawa allura ta yi kafin ta kai tsakiya.