Yadda Ake Kai Yara Filin Fesa Ruwa Na Kyauta Lokacin Zafi A Amurka

Daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta makarantu na hutu a New York, yara na gida tun safe, ɗaki kuma ya ɗauki zafi kamar tanda. In an bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, kuɗin wuta ya zo ƙarshen wata ya tsaya wa maigida a wuya. In kuwa wuraren shaƙatawa na kuɗi za a je, mai 'ya'ya huɗu ko biyar ya san abin da zai fita daga aljihunsa tun daga bakin ƙofa. Alhali a unguwar da kuke, wataƙila tafiyar minti goma a ƙafa, akwai filin da hukumar birni ta gina, ruwa na tsartuwa daga ƙasa da bakin bututai, yara na ratsawa a guje suna ihu, kuma ba mai tambayar ku ko sisi.

Fili ne shimfiɗaɗɗe na siminti ko na roba, ba tafki ba. Ruwan yana fita ya bi magudana nan take, ba ya taruwa, shi ya sa ba a ajiye ma'aikacin ceto a wurin, kuma yaron da bai iya iyo ba yana wasansa hankali kwance. Amma rashin zurfi ba ya nufin babu abin kiyayewa. Abin kiyayewar dai ba shi ne wanda iyaye suka fi zato ba.

Mataki na farko: nemo filin da ya fi kusa

Ku buɗe taswirar Google a waya ku rubuta "splash pad". A New York ku rubuta "spray shower", don da wannan sunan hukumar wuraren shaƙatawa ta birnin take jera su a shafinta, unguwa-unguwa. Wanda karatun Turanci ke ba shi wahala ya kira 311, lambar hidimomin birni ce, kuma ana haɗa mutum da tafinta.

Ƙa'idar New York ita ce ana kunna ruwan a ranakun da zafi ya kai digiri 80 a ma'aunin Amurka, wato wajen 27 a ma'aunin da muka saba da shi. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai yi dariya, shi da ya san 40 a watan Afrilu. To, ya bari sai ya kwana a hawa na biyar na gidan bulo a yankin Bronx na New York cikin Yuli, iska ta tsaya cak, gumi ya ƙi bushewa, sannan mu sake magana.

'Yan uwanmu da ke Bronx suna da filayen wasan yara na Crotona Park. A Brooklyn akwai wurin wasan ruwa na Pier 6 a Brooklyn Bridge Park, da maɓuɓɓugar Domino Park. Mazauna Chicago suna da Crown Fountain a Millennium Park, wadda aka buɗe a 2004: hasumiyoyi biyu na gilashi, kowace tsayinta ƙafa 50, suna nuna fuskokin mutanen birnin, can sai fuskar ta tsuke baki ruwa ya tsarto kan yara. A Atlanta akwai maɓuɓɓugar zobba biyar ta Centennial Olympic Park, gadon gasar Olamfik ta 1996, a Houston kuma akwai ta Discovery Green. Waɗannan manyan sun dace da ranar da aka yi baƙi. Na yau da gobe kuwa, ƙaramin filin unguwa ya fi, domin ba cunkoso, ba neman wurin ajiye mota, kuma in yaro ya fara rigima gida na kusa.

Kafin ku fita ku tabbatar da abu biyu a shafin hukumar: ruwan yana aiki a ranar, kuma akwai banɗaki a wurin. Na biyun ba ƙaramin abu ba ne, za ku ga dalili.

Mataki na biyu: zaɓi lokaci

Rana ta fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Ko dai a yi sammako a dawo kafin rana ta yi ƙarfi, ko a bari sai bayan La'asar. Ni na fi son na yamma, domin a tsakiyar bazara Magariba a New York tana kaiwa bayan ƙarfe 8, akwai sauran haske mai yawa, kuma yaran da suka gaji da gudu ba sa gardamar barci. Sai dai ku duba lokacin da ake kashe ruwan, kowane birni da nasa.

Mataki na uku: duba cikin kowane yaro kafin a bar gida

Nan ne maganar take. Yaron da ke gudawa ba ya zuwa, ko da zai yi birgima a ƙasa yana kuka.

Filayen nan iri biyu ne. Wasu ruwan famfo suke fesawa ya wuce kwata, ba ya dawowa. Wasu kuma suna tara ruwan a tanki ƙarƙashin ƙasa, a tace shi, a zuba masa sinadarin kulorin, a sake feso shi. A irin na biyun, duk abin da ya wanku daga jikin yaro ɗaya yana iya komawa bakin wani. Kuma akwai ƙwayar cuta mai suna Kiriftosforidiyam da kulorin ba ya kashewa da wuri: tana iya rayuwa fiye da kwana 7 a ruwan da aka sa wa sinadarin yadda ya kamata. Gudawa take sawa mai ruwa-ruwa, wadda kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta fitar da rahoto a Disamba 2024, inda ta ƙirga ɓarkewar cuta sau 60 da aka danganta da irin waɗannan filaye tsakanin 1997 da 2022. Mutum 10,611 suka kamu, kuma wannan ƙwayar ce ta fi yin ɓarna. Wanda aka fi tunawa shi ne na 2005 a wurin shaƙatawa na Seneca Lake a jihar New York, inda sama da mutum 2,000 suka kamu daga fili ɗaya. In aka auna da miliyoyin yaran da ke wasa a wuraren nan kowace shekara, adadin bai kai a hana yara zuwa ba. Ya dai isa a gane cewa uwa ɗaya da ta ce "ai ɗan zawo ne kawai" tana iya kwantar da yaran unguwa.

Idan likita ya ce wannan ƙwayar ce ta kama yaro, shawarar CDC ita ce a jira mako biyu bayan gudawar ta tsaya kafin ya sake shiga ruwan da jama'a ke wasa a ciki.

Famfas ɗin wanka da ake sayarwa yana da amfani, a sa wa duk yaron da bai daina famfas ba. Amma kashi mai tauri kawai yake riƙewa na ɗan lokaci, ba ya hana ƙwayar cuta zurarewa cikin ruwa. Kada a dogara da shi.

Mataki na huɗu: haɗa kaya

Tawul, kayan canji, leda ta zuba jiƙaƙƙun kaya, da ruwan sha mai yawa a gorar roba, don ba a yarda da kwalba a filayen wasan yara ba. A jefa zobo ko kunun aya cikin kula tare da ƙanƙara, in akwai kankana a yanka. Takalmi ya zama mai kama ƙafa da tafin roba. Silifas na santsi a jiƙaƙƙen siminti, ƙafa tsirara kuma ba ta yi ba, domin shimfiɗar robar da ruwa bai taɓa ba tana ɗaukar zafin da zai iya tayar wa ƙaramin yaro bororo a tafin ƙafa. Ku ɗora bayan hannunku a ƙasa tukuna, in kun kasa jurewa, shi ma ba zai iya ba.

Sai man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama, a shafa minti 15 kafin fita, a ƙara bayan awa biyu ko bayan an goge jiki da tawul. Da yawa daga cikinmu na cewa baƙar fata ba ta ƙonewa. Tana ƙonewa, ta fi jinkiri ne kawai, kuma a jikinmu ba ja ake gani ba, sai dare ya yi yaro ya ce kafaɗarsa na masa zafi. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa inuwa ce tasa, da hula da riga mara nauyi.

Wani abin da ya sa filayen nan suka dace da mu shi ne sutura. Wuraren ninƙaya na birnin New York su ma kyauta ne, amma suna da ƙa'idar kayan wanka, sai an zo da kwaɗo na kulle kaya, ga layi a ƙofa. A filin fesa ruwa babu mai duba abin da kowa ya saka. Yarinya ta shiga da doguwar riga mara nauyi da wando, uwa ta zauna a benci da hijabinta. Shawara ɗaya ga iyaye mata: kada a yi wa yarinya sabon kitso jiya a kai ta yau, aikin ya tashi a banza.

Mataki na biyar: a filin

Tun kafin su ruga ku tsayar da su ku faɗa musu doka uku: ba a shan ruwan, ba a zama ko tsugunawa a kan bakin bututu, ba a tura ƙanana. Ta biyun ce yara suka fi karyawa, don abin na ba su dariya, kuma ita ce hanyar da ƙazantar jiki ke shiga ruwa kai tsaye. Haka kuma kada su kafa fuska a kan tsartuwar har ruwa ya hau hanci. A 2021 wani yaro ya rasu a Arlington ta jihar Texas bayan wata ƙwayar cuta da ke shiga ta hanci ta kama ƙwaƙwalwarsa, kuma bincike ya gano ta a ruwan wani filin birnin da ba a kula da sinadarinsa yadda ya dace ba. Da wuya ƙwarai hakan ke faruwa, amma hanin ba ya cin komai.

In wurin ba ya fesawa, ku duba ko akwai maɓalli a jikin wani ɗan ginshiƙi. Da yawa sai an danna suke tashi, su yi 'yan mintuna su tsaya. In kun ga ruwan ya yi duhu, ko magudana ta toshe ya fara taruwa, ku kwashe yaranku ku kira 311.

Kowace awa a fito da su: banɗaki, canjin famfas, shan ruwa, hutu a inuwa. A canja famfas a banɗaki, ba a kan bencin da ke gefen ruwa ba, a wanke hannu da sabulu. Man goge hannu mai barasa ba ya kashe ƙwayar gudawar da muka ambata.

Tun da babu ma'aikaci, ku ne masu gadi. In iyalai biyu ko uku suka je tare, hira kan yi daɗi har kowa ya ɗauka wani ne ke kallon yaran. Ku faɗa da baki: "Maman Sadiya, ke ce da ido yanzu, in an jima na karɓe ki." Kada kuma a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma rainon ƙannenta uku a ce an gama. Ku sani a filayen wasan yara na New York doka ta hana babba shiga sai yana tare da yaro, don haka kawu ko yaya da zai biyo ku daga baya ya san inda kuka zauna.

Jiƙa da ruwa ba ya hana zafi yin illa. Yaron da ya yi laushi, yana ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, a kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ya rikice, maganarsa ta sarƙe, ko ya suma, a kira 911, lambar agajin gaggawa, nan take, a ci gaba da jiƙa masa jiki kafin su iso. Masu mota kuma, ko barci yaro yake kada a bar shi ciki "na minti biyu". Cikin minti 10 zafin mota a rufe yana ƙaruwa da kusan digiri 11 a ma'auninmu.

In babu fili kusa

A New York za ku ga samari sun ɓalle famfon 'yan kwana-kwana na bakin titi, ruwa na ambaliya. Laifi ne da tararsa ke iya kai dala 1,000, kuma famfon da aka buɗe haka yana zubar da galan 1,000 ko fiye a minti ɗaya, ƙarfinsa na iya tunkuɗe yaro zuwa gaban mota, ga shi yana rage ƙarfin ruwan kashe gobara. Hanyar da doka ta yarda da ita mai sauƙi ce: wanda ya kai shekara 18 ya je ofishin 'yan kwana-kwana na unguwa da katin shaida, ya nemi murfin fesawa. Kyauta ne, su za su zo su ɗaura shi su buɗe, kuma da shi ruwan bai wuce galan 25 a minti ba.

Bayan an dawo gida

A yi wa kowa wanka da sabulu, a shanya takalma. Gudawar irin wannan ƙwaya ba a ranar take bayyana ba, tana ɗaukar kwana 2 zuwa 10, galibi mako guda, lokacin da kowa ya manta an je wasan ruwa har a fara zargin abincin jiya. In ta zo, a fara ba yaro ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti, kuma a gaya wa likita sunan filin da ranar da aka je, domin ba kowane gwajin bayan gida ne ke neman wannan ƙwayar ba sai likita ya rubuta a nema.