Darasi na Tara: Dangin Lansir Biyu, Ɗaya Ya Yaɗu, Ɗaya Ya Ƙare

Ku fara karanta wannan a zuci, sannan mutum ɗaya ya karanta wa aji da ƙarfi.

Lansir yana da dangi da yawa a daji. Masana tsirrai suna kiran zuriyar tasu Lepidium. Yau za mu duba biyu daga cikinsu.

Na farko shi ne Lepidium didymum. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, amma yanzu da wuya a sami nahiyar da mutane ke noma bai kai ba. Yana shimfiɗa a ƙasa, ganyensa a tsattsage, 'ya'yansa ƙanana biyu-biyu a manne kamar tagwaye. Idan ka murza ganyen, wari mai ƙarfi zai buge ka. Shanu in sun ci shi, warin yakan fito a madararsu, shi ya sa makiyaya a ƙasar Niyu Zilan ba sa ƙaunar ganinsa. Gefen hanya, bakin garke, wurin da ake tattakawa kullum, duk ya iya zama. Galibi a shekara guda yake tsirowa, ya zuba iri mai yawa, ya mutu.

Na biyu kuwa, Lepidium obtusatum, ɗan Niyu Zilan ne, ba shi da wata ƙasa. Wani masani mai suna Thomas Kirk ne ya bayyana shi a 1892. Ganyensa mai kauri ne, kuma yana fitowa ne cikin duwatsu da tsakuwar bakin teku, a mashigar tashar jiragen ruwa ta Wellington, babban birnin ƙasar. Iyakar gidansa ke nan. Sai aka riƙa kwashe tsakuwar wurin, baƙin ciyayi suka mamaye abin da ya rage. Abin da ya fi ciwo shi ne, masu tara tsirrai don nazari su ma sun yi ta tsinkarsa har ya yi ƙaranci. Mutanen da suka fi kowa sanin darajarsa suna cikin waɗanda suka rage shi. Tun wajen 1950 ba a sake ganinsa a raye ba. Busassun rassansa kawai suka saura a manne a takarda, a wuraren adana tsirrai irin na gidan tarihi na Te Papa.

Ku lura, ba rauni ne ya kashe shi ba, domin tsiron da ya jure gishiri da iskar teku ba rago ba ne. Wurinsa ne ƙarami, da aka taɓa wurin kuma sai ya rasa mafaka.

Aiki: ku rubuta sunayen tsirran nan biyu a littafinku, harafi bayan harafi, kada ku yi gaggawa. A ƙarƙashin kowane, ku rubuta inda yake fitowa. Daga 1892 zuwa 1950 shekara nawa ke nan? Ku yi lissafin, sannan kowa ya faɗa wa na kusa da shi abubuwa uku da suka jawo ƙarewar tsiro na biyu.