Darasi na Tara: Karanta Fitilar Dirila da Saruk

Yawancin masu zuwa ajinmu bayan sallar Isha a nan Makka sun yini ne da kayan aiki a hannu. Wani yana kafa silin gibs, wani yana jan wayar lantarki, wani kafinta ne, wani kuma yana yankan tayil. Kayan aiki biyu ne ba sa barin hannunku: dirila, wadda wasu Larabawan nan ke kira shanyur, da giranda, wadda kowa a wurin gini ya sani da suna saruk. A darussan baya mun koyi haruffa da lambobi a kan allo. Yau za mu koyi wani karatun, wanda ke jikin waɗannan kayan, domin na zamani suna zuwa da ƙananan fitilu da alamomi, kuma kowace tana da abin da take nufi.

Ga kalmomin da za mu fara rubutawa. Kowa ya kwafe su sau uku a littafinsa kafin mu ci gaba: fitila, batir, caja, zafi, haske, tsaya, sensa.

Kalma ta ƙarshe ita ce baƙuwa. Sensa wata ƴar na'ura ce da ake ɓoyewa cikin kayan aiki, wani lokaci ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Aikinta ji: ta ji zafi, ta ji motsi, ta ji nauyin da ya hau kan injin, sai ta sanar da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi. Idan ka ji Balaraben mu'allim, wato ubangida a wurin aiki, ya ce hassas, ita yake nufi.

Fitilar haska wurin aiki

Ɗauki dirilar batir ka taɓa kunamarta kaɗan, ba tare da ka matse sosai ba. A yawancinsu fitila za ta kama tun kafin baki ya fara juyawa. Da gangan aka yi haka, don ka ga inda za ka ɗora bakin kafin ka huda. Idan ka saki kunamar, fitilar ba ta mutuwa nan take, takan daɗe kamar daƙiƙa 10 zuwa 20, gwargwadon kamfani. Na sha ganin mutum yana jijjiga dirila yana cewa makunni ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. An bar maka hasken ne ka duba ramin da ka huda, ko ka tsinci sukurun da ya faɗi.

Irin wannan fitila sunanta LED. Rubuta haruffan nan uku, za ka gan su a kwalin kusan kowace dirila. Ba ta da zaren da ke ƙonewa irin na tsohon ƙwan lantarki, shi ya sa girgizar aiki ba ta kashe ta da wuri, kuma abin da take sha daga batir kaɗan ne ƙwarai.

In za ka saya, dubi inda aka dasa fitilar. Wadda ke saman kunama, ƙarƙashin kan dirila, takan jefa inuwar kan daidai wurin da kake son gani. Wadda ke can ƙasa kusa da batir tana haskowa sama, inuwarta ba ta da yawa. Akwai kuma injin ɗaure sukuru mai fitilu uku kewaye da bakinsa, wannan kusan ba ya barin inuwa. Ga mai aiki cikin silin, ko cikin kabad na kicin, ko a ginin da ba a ja masa wuta ba tukuna, ni a ganina wannan bambancin ya cancanci ƙarin ƴan riyal. Goge gilashin fitilar da busasshen ƙyalle kullum, ƙurar gibs tana dushe shi cikin yini ɗaya.

Amma ku riƙe wannan da kyau. Fitilar tana nuna maka fuskar bango ne kawai. Ba ta ganin wayar da ke binne a ciki, ba ta ganin bututun ruwa. Wutar gidajen ƙasar nan tana kai volt 230, ta isa ta kashe mutum. Kafin ka huda, dubi inda soket da makunni suke, domin waya takan bi layi a miƙe daga gare su, ko sama ko ƙasa ko gefe. Akwai wata na'ura daban da ake gogawa a bango, tana ƙara ko ta nuna jar fitila idan ta ji ƙarfe ko waya mai wuta. Ita ma takan yi kuskure a jiƙaƙƙen bango ko wurin da rodi ya yi yawa, saboda haka idan akwai shakka a kashe wutar ɗakin daga akwatin lantarki.

Fitilun batir

A bayan batir akwai ɗan maɓalli da fitilu uku ko huɗu. Danna, ka ƙirga da babbar murya. Duka sun kama, batir a cike yake. Ɗaya ta rage, ya kusa ƙarewa. Wannan lissafi ne irin wanda muka yi a darasi na huɗu: idan fitilu huɗu ne, biyu suka kama, rabi ke nan.

Sai lambobin da ke rubuce a jikinsa. Za ka ga 12V ko 18V, wato ƙarfin wutarsa. Wasu kamfanoni suna rubuta 20V, kuma ɗalibai suna yawan tambayata ko ya fi mai 18 ƙarfi. Abu ɗaya ne. A ciki akwai ƙwayoyi biyar a jere, kowace tana ba da volt 3.6 a lokacin aiki, biyar sau 3.6 ya zama 18. Sa'ad da aka cire shi daga caja yana cike, kowace ƙwaya tana kai kusan volt 4, biyar sau 4 ya zama 20. Wani kamfani ya zaɓi rubuta wannan, wani ya zaɓi wancan. Kada mai shago ya ƙara maka kuɗi a kan haka. Lamba ta biyu, mai Ah a gabanta, kamar 2.0Ah ko 5.0Ah, ita ce girman tulun: mai 5 ya fi mai 2 daɗewa, ya kuma fi shi nauyi a hannu.

Zafi

A nan zan daɗe, don nan ne aka fi asarar kuɗi a garin nan. Da bazara zafin Makka yana haura digiri 45. Hukuma ma ta hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba kowace shekara. Mutum yakan shiga inuwa a lokacin, amma ya manta da kayansa a bayan mota ko a kan rufin gini. Cikin motar da aka rufe a rana zafi yana wuce digiri 60. Littattafan da ke zuwa da irin waɗannan batura sukan ce kada a ajiye su inda zafi ya kai digiri 50.

Wani saurayi a ajinmu, yaron kawunsa ne a aikin kafinta, ya zo ran nan da batir da caja cikin leda, ransa a ɓace. Ya ce ya sa batir a caja bayan Azahar, jar fitila sai ƙiftawa take yi, caji ya ƙi shiga. Kawun nasa ma ɗalibinmu ne, yana zaune a layin gaba. Ya juyo ya ce, "Ɗana, a ina batirin ya yini?"

"A bayan mota, Kawu."

"Da ka ɗauko shi, ka iya riƙe shi a tafin hannu?"

"Gaskiya da zafi, sai da na sa gefen riga."

Muka ɗora cajar a kan tebur, kowa ya matso. A samanta akwai ƙananan zane-zane a jere, kowane da irin fitilar da ke tafiya da shi. Ɗaya hoton batir ne da alamar walƙiya, wato caji yana shiga. Ɗaya batir cikakke. Ɗaya hoton ma'aunin zafi, irin wanda ake sa wa mara lafiya a hammata. Na ƙarshe batir ne da aka ja wa giciye ko aka zana shi a tsage. Na ce ya nuna mana wanda ya yi daidai da ƙiftawar da ya gani. Ya bi da yatsa a hankali, ya tsaya a kan ma'aunin zafi. Muka jona cajar a wuta, batirin ya riga ya huce a hanya, nan take caji ya kama. Da ya bi shawarar abokansa, da ya riga ya sayi sabo.

Abin da ya faru shi ne, cikin batirin akwai sensar zafi. Ita ta gaya wa caja cewa a dakata, domin cusa wuta cikin batir mai zafi yana rage masa kwana, wani lokaci har ya kumbura ko ya kama da wuta. Cajar tana jira ne ya huce, sai ta fara da kanta. Wasu cajojin ma suna da fanka a ciki don wannan.

Launi da yanayin ƙiftawa sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Abin da ja ke nufi a Makita ba lalle shi yake nufi a Bosch ko DeWalt ba. Shi ya sa ba zan ba ku hadda ba. Ku koyi duba zanen da ke jikin cajarku.

Batir mai zafi a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada a tsoma shi a ruwa, kada a sa shi a firij. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko yake wari, an gama da shi, kada a sake sa shi a caja, kada kuma a kwana da shi a ɗaki. Mu da muke kwana mutum biyar shida a ɗaki ɗaya, caja a gefen katifa, wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Rubuta lambobin nan a bangon littafinka: 998 ƴan kwana-kwana, 997 motar asibiti.

Haka ita ma dirilar kanta. Idan kana huda kankare ta tsaya cak, fitilarta tana ƙiftawa, sau da yawa nauyi ne ya yi mata yawa ko ta ɗau zafi. Saki kunama, zaro bakin, duba ko ya dakushe, ba ta ɗan lokaci.

Sensar da ke kare wuyan hannu

Shekarun baya ina kan tsani ina huda bango da babbar dirila, hannu ɗaya, don na cire mariƙin gefe na ce yana takura mini. Bakin ya ci karo da rodi ya maƙale. Da baki ya tsaya, sai jikin dirilar ya juya da ni. Na ji wuyan hannuna ya murɗe, gindin dirilar ya bugi haɓata, Allah ya kiyaye ban faɗo ba. Sati uku ban iya ɗaga buta da wannan hannun ba, kuma sati ukun nan babu ko riyal ɗaya da ya shigo.

Yanzu akwai diriloli masu sensar da ke jin wannan juyawar bazata. Irin ta ce a cikin wayar hannunka, wadda ke juya hoto idan ka karkata wayar. Da ta ji jikin dirila ya fizge, sai ta yanke wuta kafin ƙiftawar ido. Bosch suna rubuta KickBack Control a jikin nasu, Hilti suna rubuta ATC, Makita kuma AFT. Kwafi waɗannan a littafinka don ka gane su a shago. Idan ta tsayar da injin, saki kunama, gyara tsayuwarka, ka sake matsawa. Na ji wasu suna ƙorafin tana katse musu aiki, har suna neman yadda za su kashe ta. Kada ku yi. Duk lokacin da ta katse, hannunka ne ta tsare. Kuma ko da ita, mariƙin gefe ya zauna a wurinsa, hannu biyu a kan dirila.

Saruk ya fi dirila haɗari nesa ba kusa ba. Ƙaramin, mai faifan milimita 115, yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya. Na kirki suna da sensar da ke tsayar da shi idan faifai ya maƙale a cikin yanka, wasu ma suna mutuwa da kansu idan sun faɗi ƙasa. Akwai kuma wata kariya da nake so kowa ya gwada a nasa. A ce kana yanka, wuta ta ɗauke, ka ajiye saruk a ƙasa ka manta makunni a kunne. Tsohon yayi, da wuta ta dawo zai tashi da kansa ya yi ta tsalle tsakanin ƙafafun mutane. Mai wannan kariya ba zai tashi ba sai ka kashe makunnin ka sake kunnawa. Ga yadda ake gwadawa: cire faifai gaba ɗaya, riƙe saruk da kyau, kunna shi, wani ya zare filogi ya mayar. Idan ya yi shiru, yana da ita. Idan ya tashi, to kai ne za ka riƙa tuna kashe makunni duk sa'ad da wuta ta ɗauke. Murfin faifai da tabarau kuwa babu sensar da ta maye gurbinsu.

Aikin gida

Cike gurbi da kalmar da ta dace daga cikin waɗanda muka rubuta a farko.

Batir ya yini a rana, ya ɗau ______.
Jar ______ tana ƙiftawa a jikin ______.
Baki ya maƙale, ______ ta sa dirila ta ______.

Lissafi: batir yana da fitilu huɗu, uku sun kama. Nawa suka mutu? Wani batir an rubuta masa 2.0Ah, wani 4.0Ah. Wanne zai fi daɗewa, kuma ninki nawa?

Sannan kowa ya zana alamomin da ke saman cajarsa a littafinsa, yadda ya gan su, ya rubuta ma'anar kowace da Hausa a ƙarƙashinta. Wanda bai gane wata alama ba ya bar gurbinta. Ranar Talata ku zo da cajar da batirin, wanda ba shi da nasa ya aro na mu'alliminsa, za mu jera su a kan tebur mu karanta tare.