Sabon zuwa Rasha, fara da sanin Yuri Nikulin

Ɗalibin da ya sauka Mosko, Kazan ko Voronezh, abin da yake fara kuka da shi bayan sanyi shi ne fuskar mutane. Mai kanti ba ta fara'a, mai gadin masaukin ɗalibai ta haɗe rai, a cikin metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa ya yi kicin-kicin. A al'adarsu, yi wa wanda ba ka sani ba murmushi haka kawai ba ya cikin ladabi. Amma mutane ne masu son raha matuƙa, sai dai a tsakanin waɗanda suka saba, kuma kaso mai yawa na rahar daga tsofaffin finafinan zamanin Tarayyar Sobiyat take fitowa. Shi ya sa muke ba kowane sabon zuwa shawara, tun yana shekarar koyon harshe da ake kira podfak, ya nemi sanin ɗan wasan barkwanci Yuri Nikulin. Matsayinsa a wurinsu ya yi kusa da na marigayi Rabilu Musa Ibro a Kano: kaka da jika duk sun san shi, kuma ambatonsa kaɗai yana sassauta fuska.

An haife shi ranar 18 ga Disamba, 1921 a garin Demidov na yankin Smolensk, ya tashi a Mosko. Yana gama sakandare a 1939 aka ɗauke shi soja, aka tura shi rundunar kakkaɓo jiragen sama a kusa da Leningrad, birnin da yanzu ake kira Sankt-Peterburg. Ya yi yaƙin da aka gwabza da Finlan, ya kuma kasance a wurin lokacin da Jamusawa suka yi wa birnin ƙawanya a Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta kashe ɗaruruwan dubban mutane. Sai 1946 aka sallame shi. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne dalilin da ya sa Rashawa ba sa kallonsa a matsayin mai ban dariya kawai. Tsohon soja ne da ya ga mutuwa ido da ido, kuma a ƙasar da ranar 9 ga Mayu, ranar nasarar yaƙin, ta fi kusan kowace rana nauyi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da ya dawo ya nemi shiga makarantun koyon fim da wasan kwaikwayo na Mosko, har da babbar makarantar fim ta VGIK, duk suka ƙi ɗaukarsa. Ƙofar da ta buɗe masa ita ce ajin koyon barkwanci na tsirk, wato gidan wasan da ake nuna dabo, tsalle-tsalle a kan igiya da wasa da dabbobi, wanda ke Tsvetnoy Bulvar. Ya yi yaron gida a hannun shahararren ɗan barkwanci Karandash, daga nan ya haɗa gwiwa da Mikhail Shuidin suka shafe kusan shekara 30 suna wasa tare. Fim kuwa sai 1958 ya fara fitowa, yana da shekara 36. Darakta Leonid Gaidai ne ya ɗaga shi, da ya haɗa shi da Georgy Vitsin da Yevgeny Morgunov suka zama 'yan damfara uku: Trus matsoraci, Balbes dolo, da Byvaly mai ji da gogewa. Nikulin shi ne Balbes, dogo mai 'yar hula a ka. Kada ka ji sunan ya yi maka daɗi ka kira abokin karatunka da shi, zagi ne mai sauƙi amma zagi ne.

Ga yadda ya kamata ka jera kallon. Fara da Pyos Barbos na 1961. Bai wuce minti goma ba, kuma babu magana a cikinsa ko ɗaya, don haka ko ranar da ka iso za ka gane shi: mutum uku sun jefa nakiya a kogi don su kashe kifi, karensu ya ɗauka sanda aka jefa masa, ya ɗauko ta a baki lagwani yana ci, ya bi su a guje. Bayan wata biyu ko uku, idan kunnenka ya fara kama harshen, ka shiga Operatsiya Y na 1965. Labari uku ne a cikinsa, su Nikulin a na uku kaɗai suke, kada ka ga ba su fito da wuri ba ka kashe. Brilliantovaya Ruka na 1969 ka bar shi zuwa zango na biyu, domin rabin daɗinsa a magana yake. A nan Nikulin ya fito a matsayin Semyon Semyonovich Gorbunkov, magidanci mai gaskiya da ya tafi yawon buɗe ido ƙasar waje, ya zame ya faɗi, 'yan fasa-ƙwauri suka zaci ɗan aikensu ne suka ɗaure masa hannu da filasta cike da duwatsu masu daraja. Sama da mutum miliyan 76 suka kalle shi a sinima. Har yau idan wani ya yi abin rashin wayo za ka ji an ja masa “Semyon Semyonych”, ko da sunansa Andrei ne. Tsokana ce ta ƙauna, idan an yi maka ita an fara ɗaukarka nasu.

Kamfanin Mosfilm ya saka waɗannan finafinai kyauta a shafinsa da tasharsa ta YouTube. Matsalar ita ce tun 2024 YouTube ba ya tafiya yadda ya kamata a cikin Rasha, sai ka nemi su a VK Video ko Rutube, kuma ka rubuta sunan da haruffan Rashanci, in ba haka ba binciken zai kawo maka tarkace. Kuskuren da aka fi yi shi ne kallo da fassarar Turanci daga farko har ƙarshe. Ido ya tafi karatu, kunne bai ƙaru da komai ba. Kalli sau ɗaya da fassara don ka gane labarin, ka sake kallo da rubutun Rashanci, kana tsayawa duk minti goma ka rubuta jimla biyar, washegari ka kai wa malamarka ta ce maka wacce ake faɗa a gaban manya, wacce kuma sai a tsakanin tsara.

Abu biyu na kiyayewa. Akwai shan giya sosai a finafinan, wanda abin zai dama ya sani tun kafin ya zauna. Sannan Kavkazskaya Plennitsa na 1967, duk da farin jininsa, barkwanci ne a kan satar amarya a yankin Kaukasus. 'Yan Dagestan da Checheniya da za ka riƙa haɗuwa da su a sahun salla ba duka ne suke jin daɗin a tsokane su da shi ba. Ka bari su fara.

Wanda ke son ganin zurfin mutumin ya kalli Dvadtsat Dney Bez Voyny na 1976, inda ya fito a matsayin ɗan jaridar fagen daga da aka ba hutun kwana 20. Babu dariya a ciki, kuma a ganinmu nan ne ya fi nuna gwaninta.

Ya daina shiga fili a 1981, ya koma jagorantar tsirk ɗin. A hannunsa aka rushe tsohon ginin, wanda asalinsa na 1880 ne, aka sake buɗe sabo a 1989, kuma a 1996 aka sa wa gidan sunansa. Yana lamba 13, Tsvetnoy Bulvar. Daga wajen jami'ar RUDN ta Mosko, ka hau jan layin metro a tashar Yugo-Zapadnaya, ka sauka Biblioteka imeni Lenina, ka bi alama zuwa Borovitskaya a layi mai ruwan toka, tasha ta biyu ita ce Tsvetnoy Bulvar. A lura, Mosko tana da wani babban tsirk a tashar Universitet, kan wannan jan layin, kuma mutane kan sayi tikitin wannan su nufi wancan. Duba adireshin da ke jikin tikitinka. Ka saya a shafin gidan ko a tagarsu, ka ƙyale masu tare mutane a bakin ƙofa. Katin Visa ko Mastercard na bankin gida ba ya aiki a Rasha tun 2022, sai katin Mir na bankunan Rasha ko tsabar kuɗi. Tikitin hutun sabuwar shekara kuwa yakan ƙare da wuri, a nema tun Nuwamba.

Ka isa da rabin awa kafin lokaci. Ba a shiga zaure da rigar sanyi: za ka miƙa ta a garderob, wato wurin ajiye riguna, a ba ka lamba, ka adana lambar kamar kuɗi, batar da ita tara ce da jira sai kowa ya watse. Ana kaɗa ƙararrawa sau uku, ta uku ta same ka a zaune. Wasan yakan haura awa biyu da hutu a tsakiya. Hoto da dabbobin da ke harabar ciki na kuɗi ne, ka tambayi farashi kafin ka tsaya. A wurin sayar da abinci, burodi mai kolbasa, wato tsiran nama, galibi akwai naman alade, ka tsaya a shayi da kek. Babban Masallacin Mosko da ke kusa da Prospekt Mira ba shi da nisa, ana iya takawa. Fasfo, katin shigowa ƙasa da takardar rajistar masauki su kasance a aljihunka. A ƙofar gidan akwai mutum-mutuminsa na tagulla tsaye jikin buɗaɗɗiyar mota, hoto a nan kyauta ne.

Ya rasu ranar 21 ga Agusta, 1997 bayan tiyatar zuciya, aka binne shi a maƙabartar Novodevichy, tashar Sportivnaya a jan layi. Kabarin yana da sauƙin ganewa, an sassaƙa shi a zaune, karensa kwance a gefe. Je da hantsi, don ana rufe ƙofa da wuri, kuma akwai taswira a mashiga. Idan ka raka abokai Rashawa suka sa ka sayen furanni, na kabari biyu ne ko huɗu ko shida. Na mai rai kuwa, kamar malamarka ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, uku ne ko biyar ko bakwai, kada ka haɗa su. In kuma hira ta kawo shi a gaban dattawa, ka ce Yuri Vladimirovich, sunansa haɗe da na mahaifinsa, kamar yadda za ka kira malamanka a jami'a.