Yadda ake gyara faifan lambobin tsohuwar wayar girke

Yawancin wayoyin girken da ke ajiye a gidajen dattawan Katsina, tun na zamanin P&T (tsohuwar hukumar gidan waya da tarho) har zuwa na NITEL, kamfanin tarhon gwamnati da aka kafa a 1985, lafiyarsu ƙalau. Tunda salula ta shigo a 2001 aka ɗora su saman kabad, ƙurar hunturu ta shekara ashirin da ɗoriya ta yi ta shiga. Ciwonsu kusan ɗaya ne: ka juya faifan ya dawo yana jan ƙafa, ko ya cije a hanya. Abin da ke ƙarasa su shi ne maganin da mutane ke fara kawowa, wato mai. Wani ya fesa WD-40, wani ya ɗiga baƙin mai, na ga har wadda aka zuba wa man gyaɗa.

Kafin ka taɓa sukundireba, juya sifili ka saki. Sifili bugu goma yake aikawa, wato yana katse layin sau goma, kuma ƙa'idar faifan bugu goma ne a daƙiƙa ɗaya, don haka ya kamata ya koma mazauninsa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yar ɗoriya. Kada ka taimaka masa da yatsa.

Buɗe murfin wayar. Ɗauki hoton wayoyin da ke bayan faifan kafin ka kwance ko ɗaya. Idan taka ƙirar Ingila ce, 706 ko 746, wayoyi biyar za ka gani masu launi daban-daban, kuma duk wanda ya ce zai riƙe su a ka, sai ya dawo yana tambaya. A kan 746, robar da ta rufe takardar lamba a tsakiya da salatif ake ɗago ta, ba da bakin wuƙa ba. A ƙarƙashin takardar akwai noti ɗaya da ya riƙe faifan yatsa. Wannan kaɗai za ka kwance. Babban sifirin da ke mayar da faifan gida, bar shi inda yake. In ya tsinke ya fito, aikin rabin awa ya zama na yini guda.

Yanzu wanka. Sayi sifirit a kemis, ka nemi tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace. Ni ba na yarda da kananzir, yana barin maiƙo. Ruwan goge farce kuwa narkar da robar yake yi. Bi haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, ka fitar da baƙin dattin da ya daskare a tsakaninsu, ka bari ya bushe sarai.

A nan ne sababbin hannu ke faɗuwa, wajen gwamna. Duba bayan faifan, za ka ga wani ɗan kofin ƙarfe, a cikinsa akwai fukafukai biyu masu ɗan nauyi a baki. Idan faifan yana dawowa, sandar da ke ɗauke da su tana wulwulawa, fukafukan suna buɗewa suna gogar bangon kofin, gogar nan ce birkin da ke hana shi wuce bugu goma. To birki ba ya son mai. Ka zuba masa, yau faifan zai dawo a guje, lamba ta ɓata. Bayan wata biyu man ya kwashi ƙura ya zama danƙo, ya fi da nauyi. Naɗa 'yar auduga a tsinke, jiƙa ta da sifirit, ka yi ta goge cikin kofin kana canzawa har audugar ta fito fara. Cikin kofin a bushe ake barinsa.

Mai yana da wurinsa, amma kaɗan: bakin tsinke ɗaya a kowane kan sandar gwamnan, ɗaya a gindin kowace giya, ɗaya a babbar sandar tsakiya. Man agogo ya fi. Kwalba guda tsada ce a kan waya ɗaya, gara ka roƙi 'yan ɗigo wurin mai gyaran agogo a kasuwa. Man keken ɗinki ma yana yi. In ka ga man yana sheƙi, ya yi yawa, goge.

Sai ka sake gwada sifili. Galibi a nan aikin yake ƙarewa, gudun ya dawo daidai da kansa. Shi ya sa nake hana kowa lanƙwasa fukafukai kafin wanka: ka saita shi a kan datti, datti ya tafi, saitin ya zama banza. Idan bayan wankan har yanzu yana nawa, matso fukafukan ciki kaɗan da hantsaki. Idan gudu ya yi yawa, buɗe su waje. Kaɗan nake nufi, abin da ido da ƙyar zai gani, kuma duka biyun daidai wa daida, in ba haka ba ya riƙa kakkarwa. Taɓa, gwada, sake taɓawa.

Kunne yana ruɗi, don haka auna. Haɗa batir ɗaya da ƙaramar sifika a kan kwantak ɗin bugu, wato 'yan ƙarafan bayan faifan da ke haɗuwa suna rabuwa, juya sifili, naɗi ƙarar da salularka, ka buɗe ta a Audacity, manhajar duba sauti a kwamfuta, kyauta ce. Daga farkon bugu na ɗaya zuwa farkon na goma ya zama kamar daƙiƙa 0.9. Tsakanin bugu 9 zuwa 11 a daƙiƙa ya wadatar, kada ka wahalar da kanka.

Kwantak kuwa, ka zura farar takarda mai kauri a tsakaninsu ka ja, ban da samfefa. Na bugu a haɗe suke idan faifan yana zaune, suna rabuwa ne yayin dawowa; a ƙirar Ingila kashi biyu cikin uku na kowane bugu a buɗe suke. Sauran, masu toshe kan sauraro don kada ƙas-ƙas ta dame ka, suna haɗuwa da zarar ka motsa faifan. Duba su da mitar auna lantarki, in suna aiki kada ka lanƙwasa komai.

Mayar da wayoyin bisa hoton, ka tabbata ramin sifili ya zauna kan sifili kafin ka ɗaure notin. Layin ƙasa dai da wuya ka same shi yanzu, sai ka nemi 'yar na'urar da ke haɗa wayar girke da salula ta Bluetooth, kuma ka tambayi mai sayarwa ko tana gane bugun faifai, don da yawa na maɓalli kawai suke ji.