Gyaran giyabos da tiransifa na tsohuwar mota mai jan taya huɗu

Duk wanda ya ce mini giyar motarsa na ƙara, abin da nake fara tambayarsa shi ne: a wace lamba take yi, kuma ƙafarka na kan kuloci ko a sake? Galibi sai ya yi shiru. Ga shi kuwa amsar nan ita ce rabin gyara, domin akwatuna biyu ne manne da juna a ƙarƙashin motar, giyabos a gaba, tiransifa a bayansa tana raba ƙarfin inji tsakanin aksul na gaba da na baya. Idan ka sauke su ba ka san mai laifin ba, ka raba kanka da shaidar da za ta nuna maka shi.

To fara da kunne. Tayar da inji, giya a firi. Idan kana jin gurnani, ka taka kuloci ya ɗauke, boris ɗin shaf na shiga ne ko na shaf na ƙasa. Idan kuma sai ka taka ƙarar take tasowa, ka bar giyabos ya huta, boris ɗin kuloci ne. Sai ka hau hanya. Ƙarar da ke bin lamba ɗaya, biyu da uku amma ta lafa a lamba huɗu, ta shaf na ƙasa ce, saboda a yawancin waɗannan akwatuna lamba huɗu kai tsaye take wucewa, ba ta ɗora wa shaf ɗin nauyi. Wadda ba ruwanta da lambar giya, gudun mota kawai take bi, ka neme ta a tiransifa, farfela (doguwar sandar da ke kai juyi daga tiransifa zuwa aksul) ko aksul.

Akwai kuma abin da ba ciwo ba ne. Land Rover ƙirar Series II da IIA ba su da sinkuro, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, a lamba ɗaya da biyu, sai a Series III da ta fito a 1971 aka sa wa duk lambobin gaba. Mai IIA da ke kukan lamba biyu na karta, sau da yawa taka kuloci sau biyu ne bai iya ba. Haka liban tiransifa da ya ƙi fita daga taya huɗu bayan an yi tafiya a kan kwalta. A motar da ba ta da difa ta tsakiya, wato giyar da ke barin aksul na gaba da na baya su juya da gudu daban-daban, tayoyin gaba da na baya ba su samun zamewar da za su huce bambancin juyinsu, sai ƙarfen ya ɗaure kansa. Ka yi ribas kaɗan, ko ka ɗaga taya ɗaya da jak, za ka ga ta murza da kanta, liban ya saki.

Daga nan sai mai. Kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa, kullum. Idan ka riga ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa, motar ta zauna ke nan. Tara man a kwano mai tsabta, ka kai shi rana ka duba. Baƙin laushi kamar kwalli a jikin maganaɗisun murfi ba abin damuwa ba ne. Ƙyalli ruwan zinariya tagullar zoben sinkuro ce ko bushin. Ɓarɓashin ƙarfen da kake ji a yatsa, wannan boris ne ko haƙori. Man da ya yi fari ya yi kauri ruwa ya sha, ka duba bututun numfashin akwatin. Ka kuma gwada yawan man akwatunan biyu: a Land Rover Series, idan sil ɗin da ke tsakaninsu ya mutu, giyabos yakan bushe tiransifa ta cika ta yi ambaliya, kai kuwa ba ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba.

Wajen saukewa, gargaɗi ɗaya nake yi da babbar murya. A Land Rover Series da Defender, birkin hannu a bayan tiransifa yake, farfela yake riƙewa, ba tayoyi ba. Kana cire farfelar baya, babu abin da ke riƙe da motar. Sa waigi a tayoyi gaba da baya kafin ka kwanta a ƙarƙashinta. Yi wa farfela da bakin da take ɗaure alama da fenti don su koma yadda suke. Manyan notocin bakin tiransifa kuwa, sassauta su tun akwatin na jikin mota, don a kan tebur ba ka da abin da zai riƙe maka shaf. A Series yawanci ta cikin mota ake fitar da akwatin, bayan an cire kujeru da faifan ƙasa. Kada ka gwada ɗaukarsa a ƙirji. Nemi jak ko abin ɗagawa, da mutum na biyu.

Wanke bayan akwatin tas kafin ka buɗe. Shimfiɗa kwali, duk abin da ka zare daga shaf ka jera shi daga hagu zuwa dama, fuskar da ke kallon gaba tana kallon sama, ka ɗauki hoto da waya. Washa guda (siririn zoben ƙarfe) da aka juya ya isa ya sa ka sake sauke komai. Lokacin zare sandunan canja giya, rufe ramukan da tsumma, domin akwai ƙananan ƙwallaye da sifirin a ciki, in suka yi tsalle sai dai ka sayi wasu.

Waɗannan ƙwallaye su ne farkon abin da nake tuhuma idan giya na fita da kanta. Sifirin ya gaji, ko ramin da ƙwallon ke zama a jikin sanda ya shafe. Bayansu sai fok ɗin da ke tura zobe, ka duba yatsunsa ko sun cinye. Sai ƙananan haƙoran gefen giya, waɗanda zoben ke kamawa: masu lafiya suna da tsini mai kaifi, waɗanda suka mutu sun zama dunƙule. Har robar da akwatin ke zaune a kanta, in ta yage, tana iya fizge giya.

Zoben sinkuro ga yadda nake gwada shi. Ɗora shi a kan mazauninsa, danna, ka murza. Mai rai zai cije nan take, kuma za ka ga rata tsakaninsa da jikin giya. Wanda ya zauna daram ba rata, yana juyi sumul, ya gama aiki ko da yana sheƙi. Boris kuma ba na tsayawa shawara da shi. Tunda an riga an buɗe, duka nake canzawa, da sil da fakin. Wahalar saukewa ta fi kuɗinsu nesa ba kusa ba.

A tiransifa, abin dubawa ya danganta da irinta. Mai sarƙa, kamar NP231 ta motocin Jeep, sarƙar ce ke miƙewa, sai ka ji ƙas-ƙas idan ka ba ta wuta a taya huɗu, tana tsallake haƙori. Mai giya zalla, kamar LT230 ta Defender da Discovery, tana da wurare biyu da aka san ta da su. Na farko ɗigon mai daga zoben robar shaf na tsakiya. Na biyu ya fi tsada: tsagogin da ke ƙarshen shaf ɗin giyabos LT77, inda yake shiga giyar farko ta tiransifa, ba su samun isasshen mai, sai su yi ta cinyewa suna fitar da jan tsatsa. Alamarsa ƙwal ɗin da kake ji duk lokacin da ka saki totur ka sake takawa. Wata rana inji zai yi ta kuka mota ba ta motsi. Cire murfin bayan tiransifa ka zaro giyar, za ka gani da idonka. Idan za ka canza, nemi giyar da aka huda wa ramukan mai.

Haɗawa ita ce inda ake gane bakanike. Sababbin kaya ba su gyara akwatin da ba a auna ba. Kowace giya tana da ɗan wasan gaba da baya da kamfani ya ƙayyade, ana daidaita shi da washa masu kauri daban-daban. Sa ma'aunin rata ka auna, ka gwada da littafin motarka, kada ka ari lambar wata mota. Boris mai siffar mazurari shi kuma ɗan matsi yake so, da siraran faranti ake saita shi. Ya yi sako-sako, shaf zai yi rawa ya kashe sil. Ya matsu da yawa, zai yi zafi ya ƙone. Wajen sa sabon boris, ɗumama shi a cikin mai, ka buga ta zoben da ke kama ƙarfe kaɗai, kada bugun ya bi ta ƙwallaye. Ƙananan alluran boris ka liƙe su da basilin, yana narkewa a cikin mai. Kafin ka sa sabon sil, shafa farce a inda leɓensa ke hawa. In ka ji kwari, canza bakin, in ba haka ba mai zai koma cikin birkin hannu. Sannan ka shiga kowace lamba da hannu, har ribas, kana juya shaf, tun akwatin na kan tebur. Kuloci da bushin ɗin tsakiyar filawul ma ka duba su yanzu da hanya take a buɗe.

Saura mai, kuma ba kowane man giya ne naka ba. Land Rover Series tana shan EP90 a akwatunan biyu. LT77 man giyar otomatik aka rubuta masa, R380 da ya gaje shi a 1994 kuma man da ake kira MTF94. Zuba musu mai kauri, giya za ta yi tauri da safe. Inda littafi ya ce man giya ajin GL-4, ni ba na sa na ajin GL-5, don sinadarin da ke cikinsa an yi shi ne saboda aksul, kuma wasu nau'o'insa ba su jituwa da tagulla. Zuba har ya fara dawowa ta bakin rami, mota a wuri mai daidai. Bayan 'yar tafiya ta farko, shiga da fita da ƙaramar giyar tiransifa a kan ƙasa mai laushi, ka dawo ka sake duba yawan man da notocin farfela.